Ranar da Na Huda Gonar Baba

Baba bai so a huda gonar bakin titi ba, kuma ni na huda ta. Gara in faɗa tun da fari, kada wani ya ɗauka wanke kaina zan yi.

Sana'ata gwajin ƙasa. Idan za a yi babban gini, bene ko gada ko tankin ruwa, mu ake fara kira kafin magina. Mu huda ƙasa, mu ciro abin da ke ciki hawa-hawa, mu kai ɗakin gwaji, sannan mu gaya wa mai gini nauyin da wurin zai ɗauka da zurfin da harsashi zai kai. A ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa, har yau ba a gane wannan aiki ba. Wasu cewa suke fetur nake nema, wasu kuma su ce burtsatse nake haƙawa, ruwan ne ba ya zuwa. Yayana kuwa, wanda nake bi da tazarar shekara goma sha uku, in yana son ya ga ɓacin raina sai ya kira ni injiniyan tururuwa.

Inda na koyi aikin da gaske wani birni ne na bakin teku a ƙasar waje, da wurin aikinmu ya tura ni na yi wata takwas. Garin girgizar ƙasa ne. Sau biyu ta motsa ina can. Ta farko ina shan shayi a wani shago na ga fanka tana lilo, ai kuwa na fita da gudu ba takalmi, ina salati, mutanen gari suna kallona suna ci gaba da cin abincinsu. Rabin birnin a kan cikon ƙasa yake, wato an zuba yashi da ɓaraguzai an kori teku baya an yi gini. Irin wannan ƙasa, in ta sha ruwa kuma aka girgiza ta, sai ta koma kamar kunu, gini ya nutse ko ya kishingiɗa da mutane a ciki. Shugabarmu a can wata dattijuwa ce mai faɗan tsiya. Ba ta yarda a tayar da injin huda ba sai mun nemo tsofaffin taswirori, mun kuma je wurin tsofaffin masunta mun tambaye su abin da ke wurin a da. Takan ce inji rami ɗaya ya sani, tsoho kuwa ya san filin duka. Na dawo gida da wannan ɗabi'a, duk inda aka kira ni sai na fara neman tsofaffi.

Yaya fataucin hatsi yake yi. Yana saye a kasuwannin ƙauye da kaka, ya kai kasuwar Dawanau. Da harka ta buɗe masa sai ya ce zai gina sito babba a gida, wanda mota za ta tsaya a bakinsa a yi lodi. Wuri ɗaya ne ya dace, gonar Baba da ke bakin titi. Duk mun zaci za a sha fama kafin tsoho ya sake ta, don ita ce gonar da ba ya yarda kowa ya nome masa, ko da ƙarfi ya ƙare sai ya ja jiki ya je ya zauna a bakinta. Abin mamaki, ko gardama bai yi ba. Cewa ya yi, "A gina. A zuba siminti a rufe ta ruf."

Ni ne na kawo cikas. Na ce sai na gwada ƙasar tukuna. Yaya ya yi dariya ya ce, "Kai Auta, nan ba garin su girgiza ba ne. Kakanninmu da suka yi soraye wa ya auna musu?" Na ce masa soron kaka bai taɓa ɗaukar buhunan gero da wake jere har rufi ba, kuma nauyi ba ya jiran girgiza kafin ya danne ƙasa. Da ƙyar ya ce to, in yi abin da zan yi, amma in tuna yana son rufi ya hau kafin ruwan farko.

Da na je wa Baba da maganar yana zaune a zaure yana gyaran igiya. Shekarunsa sun haura tamanin a lokacin, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla, rami ne ɗan ƙarami, faɗinsa bai kai bakin kwano ba. Bai ɗago ba ya ce, "Ba a huda min gona."

Na ce, "To Baba, a da me ke wurin?"

Ya ce, "Gona ce."

"Tun kuna yara?"

"Na ce maka gona ce."

Na tashi raina a ɓace. Na je wurin mai unguwa, ya ce gonar mahaifinka ce mana. Na je wurin liman, ya ce shi dai ya san gonar Malam ce, ya shiga tambayata lafiyar iyali. Na tsaya wurin dattawan da ke zama a gindin darbejiya bayan la'asar, su biyar, kowannensu ya girmi titin nan. Ɗaya ya ce gona ce, sauran suka ce haka ne, sai kuma duk suka sami abin kallo a ƙasa. Na rubuta a littafina cewa dattawa bakwai sun tabbatar gona ce tun asali.

Alhali idona ya ga alamu. Duk gonakin da ke kewaye jigawa ce, ja-ja mai rairayi, ita kaɗai ce baƙa. Geronta yakan fi na maƙwabta tsawo, kuma bayan an ɗauke ruwa takan daɗe da danshi, har Baba ya sa kuɓewa da yakuwa a tsakiya. Na ce a raina taki ne, don kowa ya san mutanenmu da kai taki gona, Baba kuma ya fi kowa. Da a wani gari ne da ban yarda da wannan amsa ba. A garinmu kuwa na yarda, tunda liman ma ya faɗa.

Na jira ranar da Baba ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Wannan shi ne laifina, kuma da sanina na yi. Da hantsi muka shiga gonar, ni da Yaya da leburori biyu da na zo da su daga birni. Ban kawo inji ba, kayan hannu na kawo: ƙarfen huda mai murɗaɗɗen baki da mutum biyu ke juyawa, ana ƙara masa sanduna yana ƙara nitsewa, da kuma wata sanda mai tsini da ake sakar wa guduma ana ƙirga bugu. A ƙasa mai ƙarfi sai ka gaji da bugu kafin sandar ta shiga tsawon yatsa.

Da sandar muka fara. Bugu biyu ta shige tsawon tafin hannu. Muka ci gaba, ta ci gaba da tafiya, har aka kai wani wuri da ban ma saki gudumar ba, nauyinta kawai ya tura ta ƙasa. Leburorin suka dubi juna. Yaya ya ce ƙila ramin gara ne. Na ce masa gara ba ta yin rami haka, a kawo ƙarfen huda.

Muka shimfiɗa buhu, duk abin da ƙarfe ya ciro mu jera shi a kai bi da bi. Na sama baƙar ƙasar noma ce, da guntayen leda da tsohon batir, irin abin da ke biyo taki. Daga nan leda ta ɗauke. Sai toka, hawa guda, fara fat. Sai jar ƙasa irin ta rusasshen bango, da ciyawar da aka cuɗa ta da ita. Sai toka kuma, da tsingaro, da sakaina, da ƙashin akuya, da wani ruɓaɓɓen tsumma da ya naɗe bakin ƙarfen har sai da muka sa wuƙa. Ba abin da Allah ya shimfiɗa a wurin, duk hannu ne ya zuba. Da muka wuce mita uku ƙarfen ya fara fitowa a jiƙe, alhali ana tsakiyar bazara, rijiyoyi ma sun ja baya. Sai ga baƙin taɓo mai santsi, mai warin ruɓaɓɓen ruwa, da ɓawon katantanwa a ciki. A mita huɗu da ɗan kai ƙarfen ya yi ƙara ya tsaya, mun taɓa marmara.

Ko ɗan koyo ya san abin da wannan ke nufi. Kududdufi ne, irin ramin da ake haƙa a ɗebi ƙasar gini, damina ta cika shi da ruwa. Wani ya cike shi da shara da toka da ɓaraguzai, aka yi noma a kai. Da an ɗora sito a wurin da harsashi irin na kowa, ba zai yi damina uku ba sai bango ya buɗe baki, in an yi rashin sa'a ya kwanta a kan masu lodi.

Na juya kan Yaya na ce, "Ka sani?" Ya sosa ƙeya ya ce yana yaro wurin kwari ne, amma shi ya ɗauka bayan shekara arba'in ƙasa ta zama ƙasa. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce in rage murya.

Ban rage ba. Zuwa lokacin mutane sun taru a bakin titi, har da biyu daga dattawan gindin darbejiya. Na ɗebo taɓon a hannu na nufe su ina nuna musu. Na ce wannan ne gonar? Na ce mutum ya zo da girmamawa ya tambaye ku, ku haɗa baki ku yi masa ƙarya, da furfurarku? Na ce da gini ya faɗa wa mutane, wa zai ɗauki alhakin? Na faɗi abin da ya fi haka ma, wanda ba zan maimaita ba.

Ina cikin haka mai babur ya sauke Baba. Ashe wani ya bi shi da labari. Ya tako a hankali da sandarsa, mutane suka dare. Bai dube ni ba. Ya dubi buhun da muka jera ƙasa a kai, tun daga wannan kai har wancan, ya daɗe a kan baƙin taɓon. Sannan ya je bakin ramin, wanda faɗinsa bai kai bakin kwano ba, ya sa gefen ƙafa yana tura ƙasa ciki. Ƙasar ba ta shiga sosai. Ɗaya daga dattawan da na zaga ya zo ya durƙusa yana taya shi da hannu. Da suka gama Baba ya taka wurin sau biyu, ya juya ya nufi gida.

Kafin azahar Gwaggo ta aiko kirana. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni bayan an yaye ni, kuma ita kaɗai ce a duniya take zagina in yi shiru. Na same ta tana tsince wake a faifai. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba ta ce, "Sannu mai ilimi. An ce yau ka koya wa dattawan gari gaskiya."

Na fara kawo hujja. Ta ce, "Rufe min baki. Kai wa ka ɗauka ɗan farin ubanka?"

Na ce Yaya mana.

Ta ce, "To ba shi ba ne."

Ta ajiye faifan ta gaya mini. Kafin Yaya akwai wani, namiji. Ɗan fari ne, don haka Baba da Inna ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, yawanci ma a ɗakin kakarmu yake kwana. Yana da shekara huɗu, cikin wata damina mai ruwa, ya bi 'yan agwagi zuwa kududdufin bakin hanya, lokacin ba a yi titi ba. Wata mata da ke wanki daga can gefe ta ga shigarsa ta yi kururuwa. Baba yana gona kusa, shi ya fara isowa, ya faɗa ruwan da rigarsa. Bai same shi ba. Sai da aka kira wani mai haƙar rijiya aka ɗaura masa igiya, shi ya fito da yaron. Gwaggo ta ce ranar ce rana ta farko da ta ga Baba ya ɗauki ɗansa a gaban jama'a, daga bakin ruwa zuwa gida.

Bai yi kuka ba, in ji ta, don ba a yi wa ɗan fari kuka a ga idonka. Da kaka ta yi sai ya je wurin mai unguwa na lokacin ya ba da gonarsa mai kyau aka ba shi kududdufin. Mutane suka ce ya taɓu. Ya sa wa jakinsa mangala, kullum in ya dawo gona sai ya yi sawu biyu ko uku, shara, toka, ƙasar duk bangon da ya faɗi a gari. Da mata suka gane abin da yake yi, sai kowace ta riƙa aika tokar murhunta can ba tare da an ce mata komai ba. Shekara goma yana yi kafin wurin ya daina tara ruwa. Tun daga ranar da ya shuka gero a kai ba a ƙara jin wani ya ce kududdufi ba, don kowa ya san abin da kalmar za ta tayar masa.

Gwaggo ta ce, "Ka ce sun yi maka ƙarya. Kara suka yi wa ubanka, shekara hamsin suna yi, kai ka zo ka yaye ta da hantsi ɗaya."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Na kuma ji haushi, don ko a lokacin na san abin da ƙarfena ya ciro gaskiya ne, sito ba zai tsaya a wurin ba. Na gaya wa Gwaggo haka. Ta ce ita ba ta ce ƙarfena ya yi ƙarya ba, bakina ne ba shi da linzami.

Washegari na bi dattawan gida-gida na ba su haƙuri. Suka ce ba komai, yaro ne. Ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku a lokacin, amma na karɓa.

Saura maganar gini. A ƙa'idar aikinmu hanya mafi sauƙi ita ce a kawo katafila a kwashe cikon duka har marmara, a sake cikawa da jar ƙasa ana dannewa. Wato a buɗe ramin kamar yadda yake a da, ga damina tana tafe. Ko a takarda ban iya rubuta wannan ba. Na kwana biyu ina zane, na fito da wata hanyar: a haƙa ƙananan ramuka kamar rijiyoyi har su taɓa marmara, a zuba ginshiƙan kankare, a ɗaure kawunansu, sito ya zauna a kansu, cikon Baba ya zauna yadda yake a tsakani. Ya fi wahala, kuma Yaya ya yi ta ƙunƙuni, amma ya yarda. Sai dai ko wannan huda ce, kuma na rantse ba zan ƙara taɓa gonar ba sai da izinin mai ita.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Kwana uku ke nan bai ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. Na durƙusa na ce na yi laifi, ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana duka. Na yi masa bayanin ginshiƙan, ina kaffa-kaffa da kowace kalma. Ya saurara har na gama. Ya ce in dai za a haƙa, duk ramin da aka buɗe da safe a rufe shi kafin magariba, kada ɗaya ya kwana. Na ce na ɗauki alkawari.

Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Ƙarfen nan naka ya kai ƙasa?"

Na ce ya kai.

"Nawa ne zurfin?"

Na ce mita huɗu da ɗan kai. Ya ce shi bai san mita ba, in gaya masa da gaba. Na yi lissafi a kaina na ce gaba biyu da kamu ɗaya.

Can ya ce, "Sau uku na nitse. Ban taɓa ƙasa ba." Sannan ya ce, "Na ɗauka ya fi haka."

Na fara cewa ai ruwan damina ya kan haura baki, ga duhun ruwa, ga taɓo, ko gwanin iyo ma. Ya ɗaga hannu ya ce bai tambaye ni ba. Da na ce masa gaba biyar, ba mai ƙaryata ni a duk garin, ni kaɗai na riƙe ma'aunin. Ban yi tunanin haka ba sai da maganar ta riga ta fita, kuma har yau abin yana ci mini rai.

An yi aikin yadda ya ce. Masu haƙar rijiya suka haƙa, muka riƙa zuba kankare a ranar, ba ramin da ya kwana. Baba yana zuwa kullum ya zauna nesa kaɗan a kan buzu, duk yaron da ya matso ya kore shi da sanda. Rufi ya hau kwana kaɗan bayan ruwan farko, Yaya ya cika sitonsa da kaka, kuma har yanzu bango bai tsage ba.

Ranar da aka gama shafe, da yamma ma'aikata sun watse, na koma ɗauko ma'aunina da na manta. Na zagayo ta bayan sito sai na hangi Baba shi kaɗai. Ya jingine sandarsa, ya manna ƙirji da bango daga kusurwa, ya buɗe hannuwansa iyakar ƙarfinsa. Ya matsa ya sake buɗewa, sannan ya ƙara kamu ɗaya, ya ja layi da farce a kan ɗanyen siminti. Ya ja da baya ya tsaya yana duban tsakanin kusurwa da layin. Na koma da baya a hankali na bar ma'aunin a can, sai washegari na ɗauka.